Milestone Tracker a hannun iyayen yaro mai jinkirin girma: abin da take gani da abin da ke wuce ta

A ɗauki yaro ɗan wata 14, a zaunar da shi a kan shimfiɗa, a janye hannu daga ƙugunsa a hankali. Ya dafa ƙasa da tafukansa biyu, kansa yana ɗan rawa, ya yi daƙiƙa ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan ya kife gefe. A watan jiya da an sake shi yake faɗuwa. To, a buɗe manhajar Milestone Tracker, wato manhajar waya ta bibiyar matakan girman yara, a nemi inda za a rubuta wannan. Tambayar da ke ciki ita ce ko yaro yana zama ba tare da an tallafe shi ba, amsoshin kuma uku ne: eh, tukuna, ko ban tabbata ba. Amsar gaskiya ita ce tukuna. Ita aka danna a watan jiya, ita za a danna a watan gobe, watakila har wata shida nan gaba. Daƙiƙa huɗun nan da aka yi makonni ana nema ba su da gurbi a ciki.

Wannan shi ne babban abin da ya kamata iyaye su sani kafin su sauke manhajar. Tana da kyau ƙwarai wajen faɗakarwa cewa akwai jinkiri. Wajen auna ci gaban yaron da aka riga aka san yana da jinkirin kuwa, ma'auninta ya yi faɗi da yawa. Muna ba da shawarar a sauke ta, amma a haɗa ta da littafin rubutu, kuma a ƙasa za mu bayyana yadda ake haɗa su.

Manhajar ta hukumar CDC ce, wato hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma ta fito a 2017. Kyauta ce, tana aiki a wayoyin Android da iPhone. Ana shigar da sunan yaro da ranar haihuwarsa, ana iya shigar da yara fiye da ɗaya, sai ta fito da jerin abubuwan da ake sa ran yaro ya iya a wannan lokacin. Jerin guda 12 ne: na wata 2, 4, 6, 9, 12, 15, 18, 24 da 30, sai na shekara 3, 4 da 5. Kowane jeri an raba shi gida huɗu: mu'amala da mutane, magana da fahimta, tunani da koyo, sai motsin jiki. Akwai shawarwarin wasanni, akwai wurin ajiye ranar ganin likita, akwai kuma taƙaitaccen rahoto da za a iya nuna wa likita ko a tura masa.

Ma'anar kalmar tukuna ta canza a 2022

A watan Fabrairun 2022 hukumar, tare da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, ta sake fasalin jerin gaba ɗaya. A da, yawancin matakan an ajiye su ne a lokacin da kusan rabin yara ke kai wa gare su. Wannan ya sa idan uwa ta ce ɗanta bai iya abu kaza ba, sai a ce mata ta ƙara haƙuri, ai rabin tsaransa ma ba su iya ba. Yanzu an ajiye kowane mataki a lokacin da aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara suka riga suka iya shi. An rage yawan matakan daga 216 zuwa 159, an kuma ƙara jerin wata 15 da na wata 30 waɗanda babu su a da.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, tukuna guda ɗaya ma ta isa a yi wa likita magana. Tafiya ba tare da dafa komai ba tana jerin wata 18. Zama ba tallafi yana jerin wata 9. Haɗa kalma biyu yana jerin wata 24. Yaron da ya wuce waɗannan lokutan bai iya ba, yana bayan uku cikin kowane yara huɗu, don haka lokacin jira ya wuce. A nan manhajar ta yi abin yabo, domin tana kashe wannan maganar ta “a bar shi, zai yi idan lokacinsa ya yi” wadda ta ci wa yara da yawa shekara guda ko biyu na taimakon da ya kamata su samu tun da wuri.

Abu na biyu mai kyau shi ne hotuna da gajerun bidiyo. Kalma kamar “nuni” tana ruɗa iyaye. Nuni iri biyu ne: yaro ya nuna abu don a ba shi, wanda ke jerin wata 15, da kuma ya nuna abu don kawai ku gani tare da shi, kamar tsuntsu ko mota, ya waiwayo ya kalli fuskarku, wanda ke jerin wata 18. Na biyun ya fi nauyi wajen gane lalurar otizim, wadda ke shafar mu'amala da magana, kuma da wuya a bambance su da karatu kawai. Bidiyon daƙiƙa kaɗan yana warware wannan nan take.

Ga wanda aka haifa bakwaini, manhajar tana gyara lissafin idan an shigar da bayanin. Ya kamata iyaye su iya lissafin da kansu ma. Cikakken ciki mako 40 ne. Jaririn da aka haifa a mako 32 ya riga lokacinsa da mako 8, wato kusan wata 2. Idan ya cika wata 6 da haihuwa, jerin wata 4 za a duba masa. Ana ci gaba da wannan ragin har ya kai shekara 2. Rashin yin wannan lissafin yana tayar wa iyaye hankali a banza.

Sai rahoton da ake kai wa likita. Ganin likita gajere ne, kuma uwa da ta shiga da damuwa takan ce “ba ya yi kamar sauran yara” ta tsaya nan. Idan ta shiga da jeri a hannu, ta ce ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya sauya abu daga hannu zuwa hannu, ba ya gwarancin “bababa” ko “mamama”, kuma duk ukun na wata 9 ne alhali yana da wata 12, maganar ta zama wadda dole a saurara. Amma a riƙe wannan: manhajar da kanta ta faɗa cewa ba ta maye gurbin gwajin ƙwararru. Ba ta gano cuta. Likitocin yara na Amurka suna ba da shawarar a yi wa kowane yaro gwajin girma a wata 9, 18 da 30, da gwajin otizim a wata 18 da 24, kuma wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

Inda take gazawa

Da zarar an tabbatar yaro yana da jinkiri, ko saboda lalurar Down da ake haifar yaro da ita, ko raunin ƙwaƙwalwa da ya shafi motsin jiki, ko otizim, ko ma ba a gano dalili ba, manhajar ta gama babban aikinta. Daga nan abin da ta fi yi shi ne maimaita abin da iyaye suka riga suka sani. Ranar haihuwar yaro ita ce ma'auninta, don haka duk lokacin da ya ƙara watanni sabon jeri ne ke jiransa, alhali bai gama na baya ba. Yara masu lalurar Down sukan fara tafiya ne wajen shekara 2, wasu sai sun kai 3 ko 4. Uwar irin wannan yaron idan ta bi jerin shekarunsa, za ta yi ta danna tukuna daga sama har ƙasa, kuma babu abin da wannan zai ƙara mata sai karayar zuciya. Ba laifin manhajar ba ne kai tsaye, domin ba don wannan aka ƙera ta ba, amma ya kamata a faɗa wa iyaye tun farko.

Matsala ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin matakai. A jerin wata 6 akwai zama da dafa ƙasa, a na wata 9 akwai zama ba tallafi. Yaro mai lafiya yana ƙetare wannan tazarar cikin 'yan makonni ba tare da kowa ya lura da abin da ya faru a tsakani ba. Yaro mai jinkiri yana iya shekara a cikinta, kuma a cikin shekarar nan yana koyon abubuwa takwas ko tara daban-daban. Manhajar ba ta da amsar “yana yi idan an ɗan taimaka”, ba ta da “ya yi sau biyu cikin biyar”. Rayuwar iyayen nan kuwa kusan duk a wannan tsakanin take.

Rarrafe ma an cire shi daga jerin a 2022. Akwai hujja: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya bi yara 816 a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ya nuna kusan kashi 4 cikin 100 na yara masu lafiya ba sa rarrafe da hannu da gwiwa sam. Wasu jan ciki suke yi, wasu jan gindi, su miƙe daga nan. To amma da rarrafe yaro kan tashi, kuma ga yaron da jikinsa ba ƙwari, ranar da ya ɗora nauyinsa a kan hannu da gwiwa babbar rana ce, domin kafaɗa da ƙugu ne suka fara ɗaukar aiki. Babu inda za a rubuta ta. Haka kuma ƙwararrun koyar da magana da yawa sun yi ƙorafi a kan ajiye kalmomi 50 a wata 30, suna ganin an sassauta da yawa. Ra'ayinmu a nan: idan yaro ya cika shekara 2 kalmominsa ba su taka kara sun karya ba, kada a jira wata 30.

Sauran gazawar a taƙaice: babu Hausa a ciki, sai mai jin Turanci ko Sifaniyanci, kuma shawarar inda za a nemi taimako an gina ta ne a kan tsarin Amurka, inda jihohi ke da shirin tallafa wa yara 'yan ƙasa da shekara 3. Wanda ke wata ƙasa sai ya tsallake wannan sashen ya nufi likitan yara.

Yadda za a ci moriyarta: a karanta ta daga baya

Kada a fara da jerin shekarun yaro. A koma baya, jeri bayan jeri, har a kai wanda kusan duk amsoshinsa eh ne. Hukumar tana da irin waɗannan jerin a takarda a shafinta na intanet, kuma fitar da su ya fi sauƙi don a shimfiɗa su gefe da gefe. A yi wannan ga kowane gida daban, domin yaro ɗaya yana iya kasancewa a wata 9 wajen motsi, a wata 18 wajen mu'amala. Jerin da ke gaba da wanda ya cika shi ne wurin aiki. A zaɓi abu biyu, iyaka uku. Wanda ya zaɓi shida ba zai bi ko ɗaya da kyau ba. Kada kuma a sauya ranar haihuwar yaro a cikin manhajar don jerin ya zo daidai da shi, domin rahoton da za a kai wa likita zai zama ba daidai ba.

Daga nan sai a yanka abin da aka zaɓa gunduwa-gunduwa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Shirin Portage, wanda ya fara a jihar Wisconsin ta Amurka a 1969 ya kuma bazu zuwa ƙasashe da yawa, a kanta aka gina shi: ma'aikaci ya zo gida mako-mako, a zaɓi ɗan ƙaramin buri da yaro zai iya cim ma cikin mako guda, iyaye su riƙa gwadawa kullum suna rubutawa. Ma'aunin shi ne makon. Idan burin ba zai samu cikin mako ɗaya ko biyu ba, ya yi girma.

Ga zama, misali. Da farko ana riƙe yaro a ƙirji. Sai hannun babba ya sauko ƙugu. Sai ya sauko cinya kawai. Sai a sake shi ya dafa ƙasa da hannu biyu, daƙiƙa 5, sannan 10, sannan 30. Sai ya ɗaga hannu ɗaya ya riƙe abin wasa. Sai hannu biyu duk a sama. Sai ya miƙa gaba ya ɗauko abu ya dawo bai faɗi ba. Sai ya kai hannu ya tare kansa idan ya karkata gefe. Na ƙarshe, ya tashi zaune da kansa daga kwance. Koyon zama kaɗai ya zama nasara tara ke nan. Abin da ke yawan ɓata wannan aikin abu biyu ne. Na ɗaya, a ajiye abin wasa a ƙasa, sai yaro ya sunkuya ya kife. A riƙe shi daidai ƙirjinsa ko idonsa. Na biyu, shimfiɗa mai laushi kamar katifa, wadda ke hana shi samun abin dogara; ƙasa mai tauri da ɗan abin shimfiɗa ta fi, a kewaye shi da matashi. Yaron da jikinsa ke sandarewa ko yake da laushin jiki sosai, likitan fisiyo, wato ƙwararren gashi da motsa jiki, ne zai tsara masa matakan, domin yanayin zaman da ya dace da wani yana iya cutar da wani.

Cin abinci da cokali ya fi nuna yadda abin yake, don haka bari mu daɗe a kansa. Manhajar tana da layi biyu: yana ƙoƙarin amfani da cokali a wata 18, yana ci da cokali a wata 24. A zahiri aikin kashi bakwai ne: riƙe cokali, kai shi kwano, ɗebowa, ɗagowa bai juye ba, kai shi baki, kwashe abincin da leɓe, mayar da cokalin. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga farko, a ce sai ya koyi ɗebowa, alhali ɗebowa ce mafi wuya a cikinsu. A fara daga ƙarshe. Babba ya zauna a bayan yaro ko gefensa, ya ɗora hannunsa a kan nasa, su ɗebo tare, su ɗago tare, idan saura kamar faɗin yatsu biyu a kai baki sai ya saki. Yaro ya ƙarasa da kansa, abinci ya shiga bakinsa, ladan aikin ya zo nan take. Idan wannan ya zauna, a riƙa saki a rabin hanya. Sannan daga bakin kwano. Ɗebowa ce za ta zo a ƙarshe.

Idan abin ya ƙi, a duba kayan aiki kafin a ce yaro ne ya kasa. Ƙafafunsa suna lilo? A sa masa abin takawa, domin jikin da ba shi da madogara a ƙasa ba ya sarrafa hannu. Kwano yana zamewa? A shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa. Mariƙin cokali siriri ne? A naɗe shi da ƙyalle ya yi kauri. Abincin ruwa-ruwa ne? A fara da mai kauri wanda ke manne wa cokali ko da ya karkata. A yi gwajin a loma biyar na farko kawai, sauran a ba shi yadda aka saba, don kada lokacin cin abinci ya zama lokacin faɗa. Idan yunwa ta yi masa yawa har yana kuka, a fara ba shi loma uku ya natsu tukuna. Yaron da ke yawan ƙwarewa ko tari in yana ci ko sha, ko muryarsa ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ya haɗiye, a dakata da wannan horon a kai shi a duba haɗiyarsa.

Littafin da ke cike gurbin

Ƙaramin littafi ya isa. A ja layi huɗu: kwanan wata, abin da aka gwada, sau nawa ya yi cikin biyar, da irin taimakon da aka ba shi. Taimakon a ba shi lamba. 4 shi ne hannu a kan hannu, 3 taɓa gwiwar hannu kawai, 2 kwatanta masa ko nuna masa, 1 faɗa masa da baki, 0 shi kaɗai. Wannan layin na ƙarshe shi ne zuciyar littafin. Yaron da ya sauko daga 4 zuwa 3 ya ci gaba sosai, ko da wanda ya shigo daga waje bai ga bambanci ba. Rubutun bai kamata ya wuce minti biyu ba, in ya wuce haka ba za a ɗore ba.

Yaushe za a ce mataki ya zauna? Ƙa'idar da muke ba da shawara ita ce sau 4 cikin 5, kwana uku a jere. Bayan haka a gwada da wani mutum daban da wani wuri daban, domin yara masu jinkiri sukan ɗaure abin da suka koya da mutum ɗaya ko kofi ɗaya ko ɗaki ɗaya. Wanda ke sha da jan kofi a hannun mahaifiyarsa kaɗai, saura masa aiki. Sai ya yi da mutum biyu a wuri biyu sannan a koma manhajar a danna eh.

A ɓangaren magana manhajar ta yi adalci a wuri ɗaya: tana lissafa ƙoƙarin faɗin kalma, ba sai ta fito cikakkiya ba. A bi wannan a littafin. Idan yaro yana cewa “wa” duk lokacin da yake son ruwa, da kansa ba tare da an ce ya maimaita ba, kalma ce, a rubuta ta da ranarta. Alamar hannu da yake yi da ma'ana ɗaya kullum ita ma a rubuta. Kafin kalmomi kuma akwai tsani mai tsawo: kallon fuska, waiwayowa ga suna, karɓa-karɓar sauti, miƙa hannu a ɗauke shi, kallon abu sannan ya kalle ku. Babban abin da ke hana a ga waɗannan shi ne saurin manya. A riƙe abin da yake so inda zai gani, a yi shiru, a ƙirga har goma a zuci. Yara da yawa sai an ɗan jima suke amsawa, lokacin da babba ya riga ya gaji ya miƙa musu. Kuma duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri a gwada jinsa, ko da yana juyowa idan an buga ƙofa, domin jin ƙara daban, jin bambancin sautukan magana daban.

Murnar kanta tana da ƙa'ida

Yabon da ke koyar da yaro shi ne wanda ya zo cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya kuma ambaci abin da aka yi: “Ka riƙe kofi!” ya fi “Yaro mai kirki” amfani, domin na farkon yana gaya masa abin da zai sake yi. Ƙarfin murnar kuma a auna shi da yaron. Wani tafi da shewa ke sa shi sake gwadawa. Wani kuwa, musamman mai saurin razana ko wanda jikinsa ke sandarewa, ihu ɗaya zai sa ya firgita ya faɗi, gobe ya ƙi zaman gaba ɗaya. Irin wannan murmushi da murya ƙasa-ƙasa da ɗan shafa baya sun ishe shi. A kalli fuskarsa bayan yabon, ita za ta faɗi wanda ya karɓe shi.

Akwai kuskuren da ƙauna ke jawowa. Yaro ya yi taku biyu yau, sai a kira kowa a ce ya sake yi, a ɗaga waya, a yi ta roƙonsa. Ya ƙi, sai murna ta koma cizon yatsa, shi kuma ya koyi cewa wannan abin yana jawo masa matsi. Sabon mataki kamar ɗanyen ƙwai yake, sai an lallaɓa. Ba mamaki ya yi shi yau ya ɓace kwana huɗu kafin ya dawo. A rubuta ranar, a gaya wa mutanen gida da baki, a bar nunin sai ya zauna. Kayan zaƙi kuma kada su zama ladan kowane gwaji. Abin da ya fi ɗorewa shi ne ladan da ke cikin aikin kansa, wato ya nuna abu a ba shi abin, ya miƙa hannu a ɗauke shi.

'Yan'uwansa a ba su rabo a ciki. Yaya mai shekara shida zai iya zama mai ƙirga daƙiƙa, kuma yakan riga manya ganin sabon abu. A tuna shi ma yana da nasa ƙananan nasarorin da ke buƙatar a gani, kada duk tafin gidan ya tafi wuri ɗaya.

Ga iyaye su kansu, abin da ya fi tasiri shi ne bidiyon wata-wata. A ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a wuri ɗaya, daga kusurwa ɗaya, ana aiki iri ɗaya, a rana ɗaya ta kowane wata. Mai ganin yaro kullum ba ya ganin girmansa. Amma idan aka jera bidiyon wata uku, za a ga wuyan da ke langaɓewa ya tsaya, za a ga hannun da ke dunƙule ya buɗe. Likitan fisiyo ma yana amfana da shi fiye da bayanin baki, tunda yara da yawa ba sa yin abin da suka iya a ɗakin gwaji. Kafin a saka irin wannan bidiyon a intanet kuwa a yi tunani, musamman na wanka ko bayan gida ko kuka, domin yaron zai girma kuma mutuncinsa nasa ne.

Idan littafin ya nuna mako biyu babu motsi, akwai abubuwa uku da za a duba. Matakin ya yi girma, sai a raba shi biyu. Lokacin bai dace ba, sai a matsar da shi zuwa bayan barci ko bayan ya ɗan ci wani abu. Ko kuma yaro ba shi da lafiya, domin zazzaɓi, ciwon kunne ko rashin barci suna mayar da shi baya na ɗan lokaci. Wannan koma-bayan na kwanaki ne, kuma yana warwarewa idan ya murmure.

Akwai wani koma-bayan da ba a jira da shi, kuma a nan manhajar da littafin bakinsu ɗaya. Idan yaro ya rasa abin da ya riga ya zauna masa, kalmomin da yake faɗa suka ɓace, ya daina kallon fuska, hannun da yake amfani da shi ya daina aiki, ko jariri ya fara wata irin zabura a jere yana dunƙulewa, musamman bayan tashi daga barci, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba da ba. A tafi da littafin, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce yaushe ya fara iyawa kuma yaushe ya daina, kuma kwanan watan yana rubuce.

Ga iyayen da ke zargin akwai jinkiri amma ba a tabbatar ba, manhajar ta cancanci a sauke ta yau, a cike jerin, a kai rahoton wurin likita. Ga waɗanda aka riga aka tabbatar musu, a buɗe ta sau ɗaya a wata biyu ko uku, ko kwana ɗaya kafin ganin likita, don a zaɓi buri na gaba a kuma kalli bidiyon yadda yake. Sauran kwanakin na littafin ne. Yaron nan ɗan wata 14 da muka fara da shi, a manhajar amsarsa tukuna ce, a littafin kuwa layinsa na yau zai kasance: zama da dafa ƙasa, daƙiƙa 4, sau 3 cikin 5, taimako 0. Burin mako mai zuwa daƙiƙa 6.